Yanka Uku a Tukunya, Shida a Na'ura

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a wannan labari ni ne wawan. Ba na'urar ba ce, ba malamar jami'ar da ta kawo ta ba ce, ba kuma matata ba. Ni ne, da furfurata, da tabarauna, da kujerar dattawan coci da nake hakimcewa a kai kowace Lahadi.

Karatuna bai wuce aji biyar na firamare ba, can ƙauyenmu a kudancin jiha. Amma na daɗe ina aiki a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta, kuma a can na tsinci Turanci a bakin injiniyoyi. Shi ya sa a layinmu na Romi ni ake kawo wa takardar asibiti in karanta. In na gane in fassara, in ban gane ba in gyara tabarau in ce likitan ne rubutunsa ba kyau. Haka na saba: a tambaye ni in ba da amsa. Ni dai ban cika tambayar kowa komai ba.

Mu biyu muka rage a gidan, ni da Maman yara. 'Ya'yan sun watse, ta kusa ita ce mai aure a Kamazou. Maman yara tana da ɗan tebur na kayan miya a bakin kasuwa. A daminar da nake magana ta fara jiri. Sau biyu tana zaunawa a gefen hanya in ta taso daga kasuwa, na biyun ma wata maƙwabciyarmu ce ta riƙo ta har gida. Na sa tabarau na dube ta sama da ƙasa, na yanke hukunci cewa tsufa ne. Har na ba ta shawara ta rage yawan tsayuwa wurin waƙa a zumuntar mata. Ta ce, "To, Baba."

Wata Lahadi Fasto ya yi sanarwa cewa masu bincike daga jami'a za su zaga gidajen tsofaffi su tambayi abin da muke ci, don a san abin da ke damun lafiyar masu shekaru a birni. Masu so muka ɗaga hannu. Sai ya ce ba rabon kaya ba ne, kada kowa ya share tsakar gida yana jiran buhu. Rabin dattawan suka sauke hannu. Ni na bar nawa a sama. Tambaya ce fa za a yi, kuma a ganina duk Romi ba wanda ya kai ni iya amsa.

Ranar Talata da hantsi malamar jami'ar ta yi sallama. Mace ce mai kimanin shekarun 'yata ta biyu, da jaka a kafaɗa da takalmi ya sha jar lakar layinmu. Ta durƙusa ta gaishe mu, sannan ta baje kayanta a kan teburin falo: waya mai faɗi kamar faranti, ƙaramin sikeli, ɗanyar shinkafa a roba, da wani ƙullu mai laushi kamar laka. Ta ce a cikin wayar akwai manhaja, wato tsarin da aka ɗora mata, wadda ta san abincin ƙasar nan, ta kuma san abin da kowane irin abinci ke kai wa jiki. Aikinmu kawai mu faɗi duk abin da ya shiga bakinmu jiya, daga tashi zuwa kwanciya.

Na ce, "'Yata, wannan abar Turawa ce suka ƙera. Tambaye ta ko ta san gwaten acca."

Ta taɓa allon ta juyo mini da shi. Ga gwaten acca a kwano, har ana tambaya da yakuwa ne ko da alayyahu, an saka gyaɗa ko ba a saka ba. Raina ya ɗan ɓaci, don na shirya dogon jawabi a kan jahilcinta.

Aka fara da ni, kamar yadda ya dace. Da safe shayi da madara da burodi. Da rana gwate. Da yamma tuwon masara da miyar kuɓewa. Na gama na naɗe hannu.

"Ba abin da ka manta, Baba? Tana tambaya ko ka ci wani abu a waje, ko wani ya miƙo maka abu a hanya."

"Ni dattijo ne, ba na ci a titi."

"Ko gyaɗa? Ko rake? Ko masara?"

Sai na tuna gasasshiyar masara a wurin da muke buga dara. Na ce ɗaya. Maman yara, da ke zaune a kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa, ta yi tari. Na ce biyu. Na ƙara da dafaffiyar gyaɗa da abokin wasana ya saya, wadda na taya shi don kada ta lalace. Na ce wa malamar wannan manhaja da ɗan sanda aka haife ta, da ta yi nisa a aiki.

Daga nan aka zo auna yawa. Ta ce in zuba shinkafar a ainihin kwanon da na sha gwate, daidai inda gwaten ya kai. Na zuba, ta ɗora a sikeli, lamba ta shige wayar da kanta. Ta miƙo ƙullun nan ta ce in mulmula girman tuwon da na ci. Na mulmula malmala guda, na dube ta, na ga gaskiya ba ta cika ba, na ƙara. Ƙullun ya kusa ƙarewa.

"Akwai nama a miyar?"

"Wace irin tambaya ce wannan? A gidana?"

"Yanka nawa ka ci?"

"Uku."

Ta nuna mini hotuna, ƙarami da matsakaici da babba. Na zaɓi matsakaici don kada a ce ina fahariya.

Sai ta juya wajen Maman yara ta ce, "Mama, saura ke."

Nan na ɗaga hannu. Na ce kada a wahalar da tsohuwa, ba ta jin daɗin jikinta, kuma ba a saba da haka ba a gidan nan. Tukunya ɗaya muke ci. Abin da na ci shi ta ci. A kwafe nawa a zuba a nata, a cire masarar da gyaɗar.

"Baba, ƙa'idar aikin kowa ya faɗi nasa da bakinsa."

"To ga ta nan, ta faɗa. Maman yara, ba haka ba ne?"

"Yadda Baba ya ce," in ji ta, idonta a kan tabarma.

Malamar ta shigar. Shayi da madara, gwate, tuwo, nama yanka uku. Ina kallo ina gyaɗa kai kamar mai duba aikin ɗalibi.

Ashe akwai sauran mataki. Ta ce miyar kuɓewa ta kowane gida daban take, don haka manhajar tana so mai girkin ta faɗi abin da ta zuba a tukunya, sannan ta raba wa kowa gwargwadon abin da ya ci. A nan kam ba ni da ta cewa. Ban san ko da gishiri ake farawa ko da ruwa ba. Maman yara ta gyara zama, muryarta ta fito, don an zo fagenta. Kuɓewa kaza, daddawa ɗaya, manja ludayi guda, attarugu, albasa rabi, dunƙule biyu.

"Nama fa, Mama?"

"Yanka uku."

Malamar ta shigar. Sai wani jan layi ya fito a allon. Ta taɓa, ya ƙi tafiya. Ta dube ni ta dubi Maman yara.

"Baba, ta ƙi wucewa. Ta ce an saka yanka uku a tukunya, amma an ci shida."

Na yi dariya na ce ai gidan masu addu'a ne, abinci yakan yi albarka.

"Ba ta da gurbin albarka, Baba. Lamba take so."

Da mai hankali ne, a nan zai tsaya. Ni kuwa sai na kama faɗa da waya. Na ce ruwan sama ya shige ta. Na ce a kashe ta a sake kunnawa, haka muke yi wa injin masaƙa. Da na ga hakan bai yi ba sai na koma kan Maman yara, na ce ƙwaƙwalwarta ta fara tsufa, ta sake ƙirgawa, wataƙila shida ta saka. Har mahauci na sako a ciki, bawan Allah da bai san ana yi ba.

Malamar ta bari na gama. Sannan cikin ladabi ta ce ko zan ɗan ba su wuri, akwai tambayoyin da suka fi sauƙi tsakanin mata. Na tashi da girmana na fita. Ban yi nisa ba. Akwai mangwaro a bayan tagar falon, akwai benci a ƙarƙashinsa, kuma tagar a buɗe take. Dattijon coci ne ya zauna a wurin ya kasa kunne. Wannan ma a rubuta a cikin laifuffukana.

Na ji malamar ta ce, "Mama, na goge na farkon. Mu fara daga safe. Me kika sha?"

"Shayi."

"Da madara?"

"Madarar ta Baba ce. Ni ruwan shayin nake sha da ɗan sukari."

"Burodi?"

"Bakin da ya rage."

Da rana ta ce tana kasuwa, ta zubo mini gwate a kula tun safe, ita ta ci rogo da ƙuli. Da yamma ta ce ta kwashe tuwo ta kai mini, sannan ta kankare abin da ya kama a gindin tukunya, ta shafe tukunyar miya da shi.

"A ina kika ci?"

"A kicin."

"A zaune ko a tsaye?"

"Wannan ma tana tambaya?"

"A'a, Mama, wannan ni ce."

Suka yi 'yar dariya su biyu. Ni ban yi ba.

"Nama fa?"

"Nama na maigida ne, 'yata. Haka na tarar a gidanmu, haka na tarar a gidansu. Da yara suna nan, in an cire nasa sai a gutsura musu. Da suka tafi sai tukunyar ma ta ƙanƙance. Jiya ma sa'a aka yi. Wani satin kifi ɗaya ne."

"Baba ya sani?"

"Baba bai taɓa shiga kicin ba, sai ranar da maciji ya shiga, kuma ranar ma daga bakin ƙofa ya ba da umarni. Amma kada ki ga laifinsa. Mutumin kirki ne. Ya iya addu'ar abinci."

Wannan ta ƙarshen ce ta zauna mini a ƙirji. Gaskiya ne, na iya. A coci in za a ci abinci ni ake kira. Kuma kowace rana a gida, in an ajiye mini kwanuka a teburin falo, nakan rufe ido in yi doguwar godiya, in rufe da roƙon Ubangiji ya tuna da waɗanda ba su samu ba. In ina faɗin haka, mutanen da nake hangowa suna can nesa, a sansanin gudun hijira ko ƙarƙashin gada. Tsakanin teburin da ƙofar kicin taku tara ne. Na auna daga baya.

Na zauna a bencin ina neman rana ɗaya, ɗaya tak, da na ga matata tana cin abinci a gidan nan. Na ga ta kawo. Na ga ta kwashe kwanuka. Na ga ta tsaya da ruwan wanke hannu tana tambaya ko gishiri ya ji. A biki na taɓa hangota da faranti cikin mata. Amma a gidana, cikin shekara arba'in da 'yan kai, ban samu ko ɗaya ba. Ba ɓoyewa take yi ba. Ni ne in na ƙoshi nake ɗauka gidan ya ƙoshi.

Da aka kira ni na koma ciki, na yi kamar daga zagayawa nake. A kan teburin ga ƙullun da na mulmula, kamar kan jariri. A gefensa ga nata, da ta gutsura daga jikin nawa don babu saura, bai fi ƙwan kaza ba. Jan layin ya tafi. Lissafi ya daidaita.

Malamar ba ta yi mini wa'azi ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita ba likita ba ce, manhajar ma ba ta gano ciwo, kuma abincin rana ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, shi ya sa za ta sake dawowa wata rana ba tare da sanarwa ba. Amma tun da Mama tana jiri, a kai ta a duba jininta, kada a jira.

Na ce, "Dama ina da niyya."

Malamar ta hau haɗa kayanta.

Washegari na kai ta asibitin unguwa a keke mai ƙafa uku. Aka ɗebi jini, aka ce ya yi ƙasa ƙwarai. Aka ba ta ƙwayoyi. Nas ɗin ta zaunar da mu ta jero abinci: hanta, kifi, ƙwai, wake, zogale, alayyahu, da sauransu. Ta yi ta magana tana kallon Maman yara. Ni kuwa ina gyaɗa kai ina shirya abin da zan yi, don na riga na gano maganin da kaina. Nama na ci, nama zan biya.

Da la'asar na tafi wurin mai tsire na bakin titi, wanda ya san ni. Na ce ya zaɓo mini irin wanda nake so, wanda ya gasu ya bushe sosai, mai jijiya, wanda mutum zai daɗe yana tauna yana jin daɗi. Na sa ya barbaɗa yaji da yawa. Na shigo gida da ƙunshin a hannu kamar mai ɗauke da tuta. Na kira Maman yara, na ce ta zauna a kujerar falo, ba 'yar tsugunno ba. Na buɗe takardar a gabanta na yi ɗan jawabi a kan cewa daga yau an canza tsari a gidan nan. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce ta gode, Allah ya ƙara buɗi, amma yanzu ta sha magani, za ta ci an jima. Ta naɗe ta shiga kicin da shi.

Haka na yi kwana biyar a jere. Kullum tsire, kullum jawabi, kullum za ta ci an jima. Na ba abokan dara labari cewa namiji na gari shi ne mai lura da abin da iyalinsa ke ci, har na yi wa ɗaya faɗa don bai san abin da matarsa ta karya da shi ba. A kwanakin nan kuma miyar gidan ta yi wani irin daɗi, da ɗan ƙamshin hayaƙi da ƙuli, da ƙananan nama birjik a kwanona. Na ce a raina, ka gani, mace in ta samu kulawa har hannunta yakan canza.

Ranar Litinin malamar ta dawo. Tun daga ƙofa na tare ta. Na ce yau a fara da Mama, kuma ta faɗa da bakinta, ni ba zan sa baki ba, don na fahimci ƙa'ida. Na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Aka bi safe. Shayi, da madara wannan karon, da dafaffen ƙwai ɗaya. Ashe 'yarmu ta Kamazou ce ta kawo ƙwan da madarar, bayan uwar ta gaya mata abin da nas ta ce. Ban sani ba, amma na gyaɗa kai kamar da izinina aka yi. Da rana faten wake da alayyahu. Da yamma tuwo, kuma ƙullun da ta mulmula ya fi na wancan karon.

"Nama fa, Mama?"

"Ban ci ba."

Na sauke ƙafata. Alkawarin rashin sa baki ya tashi.

"Malama, dakata, kada ki shigar. Tsire na kawo mata jiya da hannuna. Sanda huɗu. Shekaranjiya ma haka. Maman yara, ki gaya mata gaskiya, kada jan layin nan ya sake fitowa a gidana."

"Ba zai fito ba, Baba. Lissafin daidai yake. In an zo naka sai a saka sanda huɗu."

"A lissafina?"

"Na yayyanka na zuba a miya. Ka ci, ka ce ba ka taɓa shan irinta ba."

Malamar ta sunkuyar da kai a kan wayarta kamar an aiko mata saƙo mai muhimmanci. Ni kuwa kunya ta juye mini ta zama faɗa. Na miƙe tsaye. Na ce wane irin taurin kai ne wannan? Mutum ya gane kuskurensa, ya taka da ƙafarsa har bakin titi kwana biyar, ya zaɓo da kansa, sannan a mayar masa da abinsa a cikinsa? Ni za a mai da abin dariya a gaban baƙuwa? Me ya hana ki ci?

Maman yara ba ta ɗaga murya ba. Ta sa yatsa ta ja gefen bakinta, ta juyo mini da shi, ta sake jan ɗaya gefen. In ban da haƙoran gaba, babu komai sai dasashi. Ban san yaushe suka fita ba.

Ta saki bakin ta goge yatsanta a zani.

"Shekara arba'in ina da haƙora ba ka miƙo ba, Baba. Yanzu da me zan tauna, da jawabin naka?"